Abin da ke hana ruwa yin zafi a gidajen haya na Birtaniya

Gidajen haya da dama a Birtaniya na amfani da na'urar combi, wadda ke dafa ruwa da gas nan take ba tare da tanki ba, kuma ita ke ɗumama ɗakuna.

Idan ruwa ya fito ɗumi-ɗumi, a fara rage buɗin famfo, domin a hunturu ruwan da ke shigowa na da tsananin sanyi, kuma in ya wuce da sauri ba ya ɗaukar zafi. A duba ma'aunin matsi ma: allurar ta tsaya tsakanin bar 1 da 1.5.

Idan kuwa ƙarafen ɗumama ɗaki suka yi zafi alhali famfo kawai aka buɗe, galibi bawul mai karkatar da zafi ne ya maƙale. A Landan, inda ruwa ke da alli, sau da yawa allin ne ke toshe farantin da ke miƙa zafin.

Kada ɗan haya ya kwance na'urar. A Ingila, sashe na 11 na dokar haya ta 1985 ya ɗora gyaran a kan mai gida, kuma injiniya mai rajistar Gas Safe kaɗai doka ta amince ya yi aikin. A sanar da mai gidan a rubuce, a ajiye kwafi.