Tsagewar Jijiyar Basila da Ciwon Kai Bayan Yunƙuri

Jijiyoyin jini biyu ne suke hawa ta cikin ƙasusuwan wuya, su shiga ƙoƙon kai, su haɗu su zama guda. Ita ce jijiyar basila. Tsawonta bai wuce kimanin santimita 3 ba, amma ita ke shayar da tushen ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da haɗiya da motsin ido.

Bangon jijiyar hawa uku ne. Idan na ciki ya tsage, jini yakan kurɗa tsakaninsu, kamar yadda ruwan sama ke shiga tsakanin yaɓe da katanga har ya kumbura shi. Kumburin kan matse hanyar jini ko ya haifar da gudan jini, sai shanyewar jiki ta biyo baya. Yakan kuma fasa bangon waje, jini ya malala a kewayen ƙwaƙwalwa.

Ɗaga kaya mai nauyi, gudu, tari mai tsanani ko saduwar iyali duk suna ɗaga ƙarfin jini farat ɗaya, kuma bango mai rauni kan tsage a lokacin. Hawan jini da cututtukan gado irin su Marfan suna ƙara raunin.

Ciwon kan da tsagewar ke kawowa yakan kama ƙeya ko bayan wuya. Wani lokaci yakan sauko kamar aradu, ya kai maƙura cikin minti 1. Jiri, ganin abu biyu-biyu, sarƙewar harshe, ƙwarewa wajen haɗiya da mutuwar hannu ko ƙafa kan zo tare da shi, ko bayan kwanaki.

Cutar ba ta da yawa, kuma galibin ciwon kan motsa jiki ba shi da haɗari. Yakan lafa kafin awa 48. Duk da haka, ƙa'idojin Ƙungiyar Ciwon Kai ta Duniya na 2018 sun wajabta a tabbatar babu tsagewa ko zubar jini idan karon farko ne. Hoton CT ko MRI na jijiyoyi ke nuna tsagar.

Idan jini bai zuba ba, akan ba da asfirin ko maganin hana daskarewar jini. Idan ya zuba, waɗannan magunguna ƙara ɓarna suke yi, sai likitoci su bi ta cikin jijiya su sa ragar ƙarfe ko su toshe kumburin. Shi ya sa hoto ke gaba da magani, kuma mai irin wannan ciwo asibiti ake garzayawa da shi nan take.