Ɗan Haya da Wanda Ya Ajiye a Ɗaki: Gaskiya da Ƙarya a Jabi

Daga gidajen bene na gefen tafkin Jabi har zuwa ɗakunan Daki Biyu, maganganu uku ne ke yawo tsakanin masu gidaje, dillalai da ’yan haya. Na farko, wai duk baligin da sunansa ba ya cikin takardar haya, ƙani ne ko aboki, mai gida na iya fitar masa da kaya ranar da ya ga dama. Na biyu, wai kowane ɗan haya sai an ba shi notis na wata shida. Na uku, wai doka ta hana karɓar kuɗin shekara biyu a Abuja. Kowace tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta daɗe tana yawo.

Ta farko ita ce mafi haɗari, kuma ƙarya ce. Dokar karɓe gidaje da ke aiki a Babban Birnin Tarayya ta faɗaɗa ma’anar ɗan haya har ta haɗa da wanda ke zaune a gida ko yana biya ko ba ya biya, ban da mai iƙirarin gidan nasa ne. Ko an yi gardama kan matsayin mutum, alƙali ne zai raba ta. Canza kwaɗo, cire ƙofa, yanke wuta ko watsar da kaya duk ɗaukar doka a hannu ne, abin da Kotun Ƙoli ta yi tir da shi tun 1986 a shari’ar Ojukwu da gwamnatin soja ta Legas. Idan gwamna bai isa ba, ina ga mai gida? Kai ƙara caji ofis ma ba mafita ba ce, domin dokar shari’ar laifuka ta 2015 da dokar ’yan sanda ta 2020 sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai.

Ta biyu rabinta gaskiya ne. Wata shida na mai hayar shekara-shekara ne, mai biyan wata-wata notis na wata ɗaya ne, na mako kuma mako guda, sai dai idan yarjejeniyar ta faɗi wani wa’adi daban. Wanda kuwa ya sa hannu a kan ƙayyadadden lokaci, ranar da ya cika hayarsa ta ƙare. Abin da ya rage masa shi ne takardar kwana 7 da ke sanar da shi za a tafi kotu.

Ta uku aro ce daga Legas, inda dokar 2011 ta taƙaita kuɗin da ake karɓa a gaba. Ba ta aiki a Jabi. Ƙudurin da Sanata Smart Adeyemi ya kawo a 2022 kan biyan haya a Abuja ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, amma bai zama doka ba.

Mai gida zai ce: na ba mutum ɗaya ɗaki, na tarar da biyar, ruwa ba ya isa, masai ya cika, kotu kuma sai ta ja ƙafa. Kukansa na kan hanya. Maganinsa yana ranar sa hannu: a rubuta adadin manyan da za su zauna, a hana ba wani haya a ƙarƙashin haya sai da izini. Wanda ya karya wannan sharaɗi ya ba mai gida hujjar da zai kai gaban alƙali. Mai gidan da ya fasa ƙofa kuwa, shi da ke bin bashi sai ya wayi gari ana neman diyya a hannunsa.