Gyaran Kayan Kiɗa a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Masu nazarin waƙar baka sun daɗe suna ambaton wannan yanki na Zamfara saboda makaɗan fada da ya haifa, irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura, ya yi zamansa a Maradun, ya rasu a 1991, da wansa Abdu Kurna, da Sa'idu Faru. Kotso shi ne abin kiɗansu. Amma ba a cika tambayar wanda yake gyara kotson in ya lalace ba, alhali kuwa da ba a gyara, da waƙoƙin ba su kai kunnen kowa ba.

Kotso da kalangu duka ice ne da aka rarake, aka tsuke tsakiyarsa. Bambancinsu shi ne, kalangu baki biyu ake rufe masa da fata, a kaɗa shi da makaɗi mai lanƙwasa, shi kuwa kotso baki ɗaya ake rufewa, a kaɗa shi da yatsu. Fata ita ce ta fi saurin mutuwa. Sanyin hunturu yana busar da ita har ta tsage, raɓar damina kuma tana sa ta saki, muryarta ta dushe. In sakin ne kawai, shanyawa a rana ko ɗumamawa a gefen wuta ya isa. In kuwa ta huje, ba a yi mata faci, domin facin yana kashe amo. Sai a nemi sabuwar fata marar kauri, yawanci ta ɗan akuya, a jiƙa ta, a kankare gashin, a ɗinke ta a kan zoben da yake kama bakin icen, sa'an nan a zura tsarkiya a ja. A nan gwaninta take, watau a ja tsarkiyar daidai wa daida ta kowane gefe, don in wani gefe ya fi tauri, to, kidan ba zai faɗi magana sosai ba. Shi kotso akwai ƙarin aiki, domin ana liƙa masa nake, wani haɗi mai danƙo, a tsakiyar fatar don ya zurfafa murya, kuma in ya ɓamɓare sai a sake shi.

Akasarin wannan aiki makaɗan da kansu suke yi, yaro ya koya a hannun ubansa kafin ma a ba shi amshi. Fatar kuma ba ta wuya, tun da ana yanka a kasuwar Mafara kowace Talata, ga shi kuwa tsakanin mahauta da masu kalangu akwai tsohuwar dangantaka.

Gangunan Turawa na ƙarfe ba haka suke ba. Da kusoshi ake ɗaure su, kuma tun a shekarun 1950 aka fara yi musu fatar roba a Amurka. In kusa ta karye, sai a kai wa mai walda ko a jira ta kanti.

Inda matsalar gaske take shi ne icen. Ice mai kyau, kamar alilliba, yakan ci fatu da yawa, har ɗa ya gaje shi daga uba. Ƙaramar tsaga ana iya toshe ta da danƙo a ɗaure da fata, amma in gara ta cinye shi ko ya dare gida biyu, sai dai a koma wurin masassaƙi. Manyan itatuwa kuwa sun ragu ƙwarai saboda sharar gona da saran itacen wuta, kuma rashin tsaro na 'yan shekarun nan ya sa shiga dajin Maradun ya zama kasada ga mai neman icen sassaƙa.