Ƙananan Kifaye a Tankin Dangin Karfasa

Duk wanda ya taɓa cin karfasa ya san kifin sikilid, ko da bai taɓa jin sunan ba. Karfasa ɗaya ce daga cikin wannan babban dangi na kifayen ruwan daɗi, wanda nau'o'insa da masana suka tantance sun haura 1,500, akasarinsu a Afirka da Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Tafkin Malawi kaɗai yana da ɗaruruwan nau'o'i da ba a samun su a wani ruwa. Mu a tukunya muka fi sanin su, amma masu kiwon kifin ado a tankin gilashi suna neman su ne don launi da kuma hali. Sikilid yana da wayo. Yana gane mai ba shi abinci, yana shata wa kansa yanki ya tsare, kuma yana renon 'ya'yansa, abin da yawancin kifaye ba su yi.

Sai dai tankin da ba kowa a ciki sai manyan kifaye biyu ko uku yakan zama kamar kango. Shi ya sa mai tanki yakan so ya ƙara ƙananan kifayen nan masu tafiya ayari guda, irin su tetra da daniyo, domin su cike saman ruwan da motsi. Haɗin yana yiwuwa, amma bakin babban kifin ne ke yanke hukunci, ba sha'awar mai tanki ba.

Mafi yawan sikilid ba su bin abin farauta da dogon gudu. Kifin yakan matso a hankali, ya buɗe baki farat ɗaya ya zuƙo ruwa da abin da ke cikinsa, sannan wasu muƙamuƙai na biyu da ke can cikin maƙogwaro su niƙe abin da aka haɗiya. Don haka duk kifin da zai shige bakinsa abinci ne, ko da sun yi wata shida tare lafiya lau. Nan ne mutane suka fi yaudaruwa. Oska, sikilid ɗin kogin Amazon, ana sayar da shi yana santimita 5 ko 6, ɗan kyakkyawa mai zagaye ido, a zuba shi da niyon tetra a ga babu abin da ya faru. Kafin shekara ta zagayo oska ya haura santimita 20, kuma yana iya kaiwa 30 ko fiye, niyon kuwa iyakarsa santimita 4. Wannan ba wa kura ajiyar nama ne, sai dai kurar ba ta girma ba tukuna. Ko anjel, sikilid mai siffar ganye da tafiyar ƙasaita, wanda ake ɗauka salihi ne, idan ya girma yana cin niyon. Kuma ɓarnar da dare aka fi yin ta, lokacin da tetra suka watse daga ayari, launinsu ya dushe, suka lafe kusa da ƙasa. Gari na wayewa sai a ƙirga a ga babu ɗaya, babu gawa, babu alama. Haka abin yake har a Tafkin Tanganyika, inda furontosa, kifi mai sanyin jiki da rana, yake kama ƙananan 'yan uwansa masu ayari idan sun sauko hutawa cikin duhu.

To me ya sa ƙwararru suke ci gaba da haɗa sikilid da ƙananan kifaye? Saboda sikilid, duk da faɗansa, matsoraci ne. A kogi abokan gabarsa daga sama suke zuwa, zalɓe da sauran tsuntsaye masu cin kifi, kuma ba ya hango su da kyau daga ƙarƙashin saiwa ko dutse. Abin da yake dubawa shi ne ƙananan kifayen da ke sama da shi. Idan suna kai-komo hankali kwance, babu haɗari, sai ya fito. Idan ruwan saman ya yi tsit, sai ya ƙara lafewa. A tankin da babu su, sai ka ga kifi mai tsada ya maƙale a bayan dutse kwana da kwanaki, ba ya ci, launinsa ya koɗe. George Barlow, masanin halayyar kifi na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya yi rubutu kan wannan dabara a 1968, yana neman yadda zai rage firgicin kifayen da yake nazari. Akwai amfani na biyu kuma: namiji da mace da suka haɗu don haihuwa, idan ba su da bare da za su kora, sukan juya kan juna, namiji ya doki mace har ta mutu. Ayari mai sauri yana raba musu hankali, fushin ya watsu a kan kifaye goma maimakon ya taru a kan ɗaya.

Saboda haka abin nema shi ne kifi mai faɗin jiki ko mai gudu, wanda ya fi ƙarfin haɗiya. Babban daniyo na Indiya da maƙwabtanta yana kai santimita 10, ba ya gajiya, kuma saman ruwa yake zama. Dalar azurfa, ɗan uwan firana mai cin ganye, faɗinsa kawai ya isa ya kare shi daga oska, amma zai cinye duk shukar da ke tankin. Tetra na Kongo, mai santimita 8, ya dace da sikilid na kogunan Afirka, irin su kiribensis na kudancin Najeriya da Kamaru. Wanda ba a so shi ne bab mai zanen damisa, domin yana tsinke dogayen fikafikan anjel. A nan ƙaramin ne azzalumi.

Haɗin da ya fi kowane kyau a ganina shi ne diskas da kadinal tetra. Diskas babban sikilid ne, faɗinsa na iya kai santimita 15 zuwa 20, amma bakinsa ɗan ƙarami ne, kuma dukkansu 'yan yankin Amazon ne masu son ruwa mai laushi da ɗumi. Diskas yana buƙatar digiri 28 zuwa 30, kadinal yana jure wannan, niyon mai kama da shi kuwa ya fi son ƙasa da haka, zafin yana gajarta masa rayuwa. Wannan ya kawo mu ga batun ruwa, wanda yake kashe kifi a hankali ba tare da cizo ba. Ruwan Tafkin Malawi da na Tanganyika mai ma'adinai ne, ma'aunin pH ɗinsa yana wajen 8 ko sama da haka. Ruwan Rio Negro, inda ake kamo kadinal, baƙi ne kamar shayi, mai tsami, ƙasa da 6. Tanki ɗaya ba zai zama biyun ba. Mbuna, sikilid na duwatsun Tafkin Malawi, ma ba su cika buƙatar baƙi ba. Masu kiwon su sukan zuba su da yawa ne domin kada faɗa ya taru a kan kifi ɗaya, su tara duwatsu, su ƙara ƙarfin matatar ruwa.

Ayarin ya zama ayari na gaske, aƙalla takwas ko goma. Tetra uku ba su da kariya, tsoro zai hana su ci. Tsawon tanki ya fi zurfinsa muhimmanci, domin wanda aka kora yana buƙatar wurin gudu, kuma itace ko dutse ko dogayen shuke-shuke su tare layin gani, tunda sikilid yakan daina bi idan ya daina gani. A fara zuba ƙananan su saba da wurin, sannan a kawo sikilid yana ƙarami.

Duk wannan tsari yana rushewa ranar da aka saka ƙwai. Kiribensis da ya yi watanni bai kula kowa ba zai mamaye rabin tanki da zarar 'ya'ya sun fito daga kogo, sikilid mai jan jiki na kogunan Afirka ta Yamma kuwa zai iya kashe duk maƙwabtansa. Su ma tetra ba waliyyai ba ne, suna tsince 'ya'yan da suka yi nisa da uwa. Mai tanki ya tanadi ƙaramin tanki na biyu ko ragar raba tsakani tun kafin ranar.

Ga mai kiwo a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi akwai ƙarin nauyi. Manyan sikilid suna da ci da kashi mai yawa, kuma ƙwayoyin halittar da ke cikin matata, masu mayar da amoniya abu mara guba sosai, suna buƙatar ruwa mai gudana. Idan aka ɗauke wuta na sa'o'i a zafin watan Afrilu, iskar da ke cikin ruwa tana raguwa, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe ta kamar mai sanyi, kuma tanki mai cunkoso shi ne farkon shiga matsala. Famfon iska mai batir ko ɗan sola ya kamata a saya kafin kifin, a kuma rage yawan kifayen ƙasa da abin da littattafan Turai suka ƙayyade.