Bindiga da Sunan Kamfani: Abubuwan Mamaki Daga Dokar Makamai ta Amurka

A Amurka akwai rukunin makaman da ba a shiga kanti a saya a fito da su a ranar: mashin-gan, da raifal mai bakin da bai kai inci 16 ba, da bindigar harbin tsuntsaye mai bakin da bai kai inci 18 ba, da na'urar rage ƙarar harbi, da abubuwa masu fashewa irin su gurneti. Mai so sai ya yi rajista da ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai, ya zauna jiran amincewarta. Sai dai ba dole ba ne mai rajistar ya zama ɗan Adam. Kamfani na iya mallakar su, haka ma amana ta shari'a, wato yarjejeniyar da mutum ke rubutawa ya damƙa dukiya a hannun amintattu domin amfanin wasu, kusan kamar yadda muka san waƙafi.

Dokar da ta kawo wannan tsari a 1934, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, dokar haraji ce. 'Yan majalisa ba su da tabbacin tsarin mulki ya ba su ikon haramta makami kai tsaye, sai suka ɗora harajin dala 200 a kan kowane sauyin hannu, kuɗin da ya kai kusan farashin bindigar Thompson da 'yan daban Chicago suka yi suna da ita. Kisan mutum 7 a wani gareji na birnin a Fabrairun 1929 yana cikin abin da ya tunzura jama'a. A 1937 Kotun Ƙoli ta ce harajin halal ne. Dala 200 ɗin nan ba ta motsa ba sama da shekara 90, har darajarta ta narke. Daga 1 ga Janairun 2026 aka mayar da harajin sifili a kan na'urar rage ƙara da gajerun bindigogi, mashin-gan da abubuwa masu fashewa kuwa suna nan a kan 200. Rajistar ba a soke ta ba.

Ga wanda ya nema da fom na takarda, shaidar biyan harajin kan sarki ne na gaske, a jikin takardar amincewa.

Daftarin farko na dokar ya haɗa da fistol, amma aka cire ta kafin a zartar. An saka gajerun bindigogi ne don kada wani ya yanke doguwa ta maye masa gurbin fistol. Fistol ta fita, su suka zauna, shi ya sa har yau raifal mai bakin inci 15 take buƙatar rajistar da ƙaramar bindigar da ke shiga aljihu ba ta buƙata.

Babban abin mamakin yana wajen amana. Kafin 2016, mutum in zai nema da sunansa sai ya aika hotonsa da tambarin yatsunsa, sannan shugaban 'yan sandan yankinsa ya sa hannu. Da yawa daga cikin shugabannin nan ƙin sa hannu suke yi, ko da mai neman ba shi da laifin komai. Amana da kamfani kuwa ba su da fuska, ba su da yatsu, don haka ba a neman ko ɗaya daga cikin ukun a wajensu. Lauyoyi suka ga hanya, suka shiga rubuta wa jama'a takardun amana. Alƙaluman ATF sun nuna buƙatun da suka zo da sunan amana da kamfanoni sun tashi daga kusan 840 a 2000 zuwa 40,700 a 2012. Hukumar ta ba da misalin wani da aka hana shi na'urar rage ƙara saboda doka ta haramta masa riƙe makami, sai ya dawo neman na'urar da sunan amanar da shi ya kafa ta.

Wadda ta fara roƙon a duba wannan giɓi, a 2009, ƙungiyar dillalai da masu tara irin waɗannan makamai ce da kanta.

Gyaran ya fara aiki ranar 13 ga Yulin 2016, da ƙa'idar da ake kira 41F. Yanzu duk wanda ke da ikon juya makamin a cikin amana ko kamfani sai ya cike fom 5320.23, ya haɗa da hotonsa da katin tambarin yatsu biyu, a bincika tarihinsa. Amintattu biyar, bincike biyar. Sa hannun shugaban 'yan sanda kuma aka soke shi ga kowa, aka bar aika masa sanarwa kawai. A ganina wannan gyara ya yi daidai ta ɓangarorin biyu: ya daina barin haƙƙin mutum a hannun son ran jami'i guda, kuma ya daina karɓar takarda a madadin mutumin da zai riƙe makamin.

Batun zama ɗan ƙasa ma a nan ya warware. A da akwai wata takarda ta daban, fom 5330.20, inda mai nema ke bayyana ƙasarsa da matsayin zamansa. Masu amana sun sha rikicewa a kanta, domin amana ba ta da fasfo, ba a haife ta a ko'ina ba. Sababbin fom ɗin sun shigar da tambayoyin cikin abin da kowane amintacce zai amsa da kansa.

Da yawa suna zaton sai ɗan Amurka ne ke iya mallakar bindiga a can. Dokar tarayya ba ta ce haka ba. Baƙo mai katin zama na dindindin yana iya mallaka, yana iya zama amintacce. Waɗanda aka hana su ne mai zama ba bisa ƙa'ida ba, da wanda ya shigo da bizar ɗan lokaci, irin ta karatu ko yawon buɗe ido. Hanin masu biza ya zo ne a 1998, bayan harbin da wani baƙo ya yi a saman benen Empire State na New York a 1997. Amma an bar ƙofa: mai biza in yana da lasisin farauta mai aiki daga ɗaya daga cikin jihohin ƙasar, hanin ya sauka daga kansa, ko da bai taɓa shiga daji ba. Wanda kuma ya shigo daga ƙasashen da aka yafe wa biza, irin su Ingila da Faransa, wannan hanin bai hau kansa ba tun farko, domin lafazin dokar ya ambaci wanda aka shigar da biza ne.

Ɗan Amurka da ya yi watsi da zamansa ɗan ƙasa a hukumance, an haramta masa riƙe bindiga a can. Baƙon da ya samu katin zama jiya ya fi shi dama.

Ɗalibanmu da ke karatu a can su kula da wannan sosai. Hamid Rehaif, ɗan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya shiga Florida da bizar karatu, jami'a ta sallame shi, matsayinsa ya faɗi, ya je filin koyon harbi ya harba bindiga, aka gurfanar da shi. A 2019 Kotun Ƙoli, da alƙalai 7 a kan 2, ta ce dole gwamnati ta tabbatar ya san matsayin nasa ya faɗi. Laifin riƙe makami ga wanda aka haramta wa yana iya jawo ɗaurin shekara 15, kuma sunan mutum a takardar amanar abokinsa ba ya wanke shi.

Komawa kan dokar rajistar ta 1934, a 1968, a shari'ar Haynes, Kotun Ƙoli ta ce ba za a hukunta mai tsohon laifi don ya ƙi yin rajistar makaminsa ba, tunda rajistar tilasta masa tona asirin kansa ce. Majalisa ta gyara dokar a shekarar, ta ba da afuwar kwana 30 ga masu makaman da ba su da rajista. Daga 19 ga Mayun 1986 kuma aka rufe rajistar sababbin mashin-gan ga farar hula, shi ya sa tsofaffin da ke da rajista suke kai dubban daloli masu yawa.

Duk da an toshe tsohuwar hanyar kauce wa bincike ta amana, mutane ba su daina kafa amana ba. Makamin da ke da sunan mutum ɗaya, ba a barin matarsa ko ƙanensa su fita da shi su kaɗai, amma amintattun amana kowannensu yana da wannan dama. In mai shi ya rasu, ana miƙa wa magaji da fom 5 ba tare da haraji ba, bayan ATF ta bincika shi ta amince.