Kafin Ka Shiga Intabiyun Aikin Zanen Gine-Gine

Matashin unguwar Damilu da ya gama karatun zanen gine-gine a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei ko a ABU Zariya ya san guraben aiki a Jimeta da Yola ba su taka kara sun karya ba. Daga 'yan ofisoshin masu zane sai 'yan kwangila, sai ma'aikatun gwamnati. Don haka idan kira ya zo, kada a yi masa riƙon sakainar kashi.

Takardar digiri kowa ya zo da ita. Abin da za a zura wa ido shi ne fayil ɗin zanenka. Zaɓi ayyuka kaɗan masu kyau, ka buga su a takarda, domin wuta ko batirin kwamfuta na iya ba ka kunya. Kada ka kuskura ka cusa zanen wani ko wanda ka kwaso a intanet. Mai tambayar zai ɗora yatsa a kan matakala ya ce me ya sa ka ajiye ta nan, daga nan asiri ya tonu. Idan aikin haɗin gwiwa ne, faɗi ɓangaren da ka yi. Idan kuma ka rubuta cewa ka iya AutoCAD ko Revit, ana iya miƙo maka kwamfuta nan take.

A ganina, inda aka fi faɗuwa shi ne rashin sanin ƙasar da za a yi ginin a kanta. Zanen gida mai gilashi daga sama har ƙasa yana da kyau a allo, amma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, wa zai kwana a ciki? Shirya bayani kan inda taga za ta fuskanta, da inuwa, da yadda iska za ta ratsa ɗaki. Ga kuma kogin Binuwai a gefe. Jama'a ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Idan aka tambaye ka tsayin fandisho da hanyar magudanar ruwa ka kama inda-inda, an gama da kai. Ka kuma leƙa kasuwa ka ji kuɗin siminti, rodi da bulo na wannan makon.

Sai batun suna. Bisa dokar da ta kafa hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta ARCON a 1969, wanda ta yi wa rajista kaɗai ke da ikon kiran kansa akitek. In ba ka kai can ba, faɗi matsayinka, sannan ka tambaya ko ofishin na da mai rajista da za ka yi aiki a ƙarƙashinsa, don sai da wannan gogewar ake zama jarrabawar ƙwarewa.

Wanda kuwa ya turo saƙon WhatsApp yana neman kuɗin fom ko na "ajiye gurbi" kafin intabiyu, ɗan damfara ne. Taka da ƙafarka ka ga ofishin tun ana gobe, kuma ka sanar da mutanen gida inda za ka.