Wankan Jego a Mizanin Bincike

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke tsakanin duwatsun Kazaure da Roni, ko ya ratsa ƙasar Gwiwa, ko kuwa ya miƙa Babura har bakin iyakar Nijar, ya san cewa idan mace ta sauka lafiya, musamman haihuwar fari, abin da za a fara tanada, tun kafin a yi zancen ragon suna, shi ne itace da babbar tukunya. Domin kuwa tun daga ranar har a yi arba'in, safe da yamma, za a tafasa ruwa, a tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya, a yi ta fyaɗa wa mai jego, sa'an nan a dama mata kunun kanwa, a gasa mata nama da yaji, a wasu gidajen ma a hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta. Hujjar tsofaffi ɗaya ce: kada sanyi ya shige ta. Masu ilmin fiƙihu dai sun san cewa wannan arba'in ta al'ada ce, domin a mazhabar Imamu Malik iyakar jinin biƙi kwana sittin ne, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala.

Likitoci sun daɗe suna tuhumar wannan al'ada, kuma tuhumar tana da asali. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata 224 waɗanda zuciyarsu ta gaza gab da haihuwa ko bayanta, suka wallafa sakamakon a 1978. Da suka ga cewa galibin matan Hausawa ne masu wanka da shan kanwa, kuma cutar ta fi yawa a watannin zafi da gumi, sai suka yi ƙiyasi mai ma'ana, cewa gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana tilasta wa zuciya aiki fiye da ƙima, har ta gaji, ƙafafu su kumbura, numfashi ya koma haki. An ƙiyasta cewa a Zariya cutar tana kama mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, adadin da ya kere na kusan ko'ina a duniya. Wannan bayani ya shiga littattafai, malamai suka karantar da shi, ma'aikatan jinya suka yi ta faɗa wa kakanni da shi shekara da shekaru.

Sai ga shi bincike na baya-bayan nan ya zo da abin da ya raunana wannan hukunci. Farfesa Kamilu Musa Karaye, likitan zuciya na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya jagoranci wata rajista ta ƙasa mai suna PEACE, wadda ta tattara mata 406 masu wannan cuta daga asibitoci 22, aka gwama su da masu jego lafiyayyu, aka buga sakamakon a 2020. Mafi yawan marasa lafiyar daga Arewa maso Yamma suke, kuma a wani asibiti na Kano an sami mace ɗaya cikin haihuwa 96. Amma da aka tace alƙaluma, wankan ruwan zafi da kunun kanwa ba su tsaya a matsayin dalilai masu zaman kansu ba. Abubuwan da suka tsaya su ne rama, wato mace ta kasance nauyinta bai kai yadda ya kamata ba, da hawan jinin masu ciki, da rashin karatun boko, da rashin abin yi. A taƙaice, tukunyar da aka daɗe ana zargi, mai lafiya da marar lafiya duk sun yi wanka da ita. Abin da ya raba su shi ne halin da ciki ya same su.

Akwai kuma batun wani sinadari da ake kira siliniyam, wanda jiki ke samu daga abinci gwargwadon abin da ke cikin ƙasar noma. Tun a 1992 Cénac da abokan aikinsa suka lura da ƙarancinsa a jinin masu wannan cuta a Yamai, Karaye ma ya sami haka a Kano a 2015, kuma an san cewa ƙarancinsa ne ke bayan cutar zuciya ta gundumar Keshan a ƙasar Sin. An gwada bai wa wasu mata shi na wata uku, alamomin cutar suka ragu, sai dai gwajin ƙarami ne, bai isa a kafa fatawa a kansa ba.

Ba ina nufin a ci gaba da zabga kanwa ga macen da jininta ya hau ba, ko a yi shiru kan ƙunar da ruwan zafi ke jawowa. Rashin tabbatar laifi a ƙididdiga ba shedar tsarki ba ne. Abin da nake nufi shi ne, shekarun da aka ɓata ana yaƙi da wankan sun rufe ido daga wani sashe na jego wanda masana halayyar ɗan Adam suka fara gane darajarsa. Yarinyar da aka kai gidan iyayenta wanka, ta yi kwana arba'in ba daka, ba ɗiban ruwa, ba girki, ana ciyar da ita fiye da kowa a gidan, ga gwaggo ko kaka tana kwana da ita tana karɓar jariri idan ya yi kuka, ta sami abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke ganin yana cikin manyan garkuwa daga baƙin cikin bayan haihuwa. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana faɗawa irin wannan damuwa bayan ta haihu. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, Farfesa Atif Rahman ya horar da ma'aikatan lafiya mata na karkara, waɗanda ba likitoci ba ne, su riƙa ziyartar masu ciki da masu jego da ke fama da wannan damuwa suna sauraronsu, suna jawo dangi cikin lamarin; rahoton da ya fito a mujallar Lancet a 2008 ya nuna cewa bayan wata shida kashi 23 cikin ɗari ne suka rage cikin damuwar, alhali a rukunin da ba a bi da su ta wannan tsari ba kashi 53 ne.

Inda al'adarmu ke da giɓi shi ne, wannan gata na mai haihuwar fari ne. Macen da ke haihuwa ta shida ko ta bakwai, wadda jikinta ya riga ya zube, ba mai kai ta gida. A ɗakinta za ta yi wanka, wani lokaci ita ce mai neman itacen, kuma kunya ba za ta bari ta ce wa miji ko uwar miji tana haki idan ta kwanta ba, balle ta ce zuciyarta a ƙuntace take. Idan kumburi ya bayyana, sai a ce wanka ne bai karɓe ta ba, a ƙara wuta. Ungozomomin da ake yayewa a makarantar Babura, da ma'aikatan babban asibitin Kazaure da ƙananan asibitocin Roni da Gwiwa, za su fi cin riba idan suka bar gardama da tsofaffi kan tukunya, suka ɗora mai ciki a sikeli, suka auna jininta tun kafin wata tara, suka kuma koya wa ita tsohuwar da ke wankan cewa haki da tari cikin dare da kumburin ƙafa alamun tafiya asibiti ne a ranar, domin ita ce ke ganin mai jego sau biyu kullum.